Dokar mililita 100 a filayen jiragen saman Turai

Dokar mililita 100 wata ƙa'idar tsaro ce da ke iyakance yawan abin ruwa-ruwa da fasinja zai iya shiga jirgin sama da shi a cikin jakar hannu. Tana aiki a ƙasashen Tarayyar Turai da Birtaniya da Norway da Iceland da Switzerland, kuma tana daga cikin dalilan da suka sa ake buƙatar matafiya su isa filin jirgi da wuri.

Tarihi

A watan Agustan 2006 'yan sandan Birtaniya suka kama mutane fiye da 20 bisa zargin shirin tarwatsa jiragen da ke tashi daga filin jirgin Heathrow na Landan zuwa Amurka da Kanada. Shirin nasu shi ne su ɗura sinadarai masu fashewa a kwalaben lemo, su haɗa bam ɗin bayan jirgi ya tashi. Na'urorin bincike na lokacin ba sa iya bambanta irin wannan sinadari da abin sha. Tarayyar Turai ta fara aiki da dokar a ranar 6 ga Nuwamban 2006.

Abin da dokar ta tanada

Kowane mazubi kada ya wuce mililita 100. Girman mazubin ake dubawa, ba yawan abin da ya rage a ciki ba, don haka za a karɓe kwalba mai cin mililita 200 ko da saura kaɗan a cikinta. Ana tara mazuban a leda ɗaya mai ganin ciki wadda ake iya zugewa, wadda ba ta wuce lita 1 ba, kimanin santimita 20 a kowane gefe. Leda ɗaya ce ga kowane fasinja.

Dokar ba ta tsaya kan abin sha kaɗai ba. Ta haɗa da turare, man shafawa, man goge haƙori, sabulun ruwa, zuma, miya da abubuwan fesawa. Abin da ya wuce ƙa'ida sai a saka shi a akwatin da ake aunawa a miƙa wa kamfanin jirgi; idan aka kai shi wurin bincike, jami'ai za su ƙwace shi.

An ɗauke wa magunguna da abincin jarirai da abincin masu lalura ta musamman wannan iyaka, gwargwadon buƙatar tafiyar, amma ana iya neman shaida kamar takardar likita. Haka kuma kayan da aka saya a shagunan cikin filin jirgi suna wucewa matuƙar suna cikin ledar tsaro da aka liƙe, da rasit a ciki. Wanda ya taso daga Abuja ko Yamai zai sauya jirgi a Paris ko Frankfurt yakan sake bi ta bincike, kuma dokar tana hawa kansa a can.

Sababbin na'urori

Wasu filayen jirgi sun kafa na'urorin CT, masu aiki irin na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta asibiti, waɗanda ke nuna kayan cikin jaka ta kowace fuska. Wannan ya sa aka sassauta dokar a wasu wurare, amma Birtaniya ta maido da ita a watan Yunin 2024, Tarayyar Turai kuma daga 1 ga Satumban 2024, saboda shakku kan ingancin na'urorin wajen gwada manyan kwalabe. A 2025 aka sake amincewa da wasu daga cikinsu, inda filaye kamar na Roma da Milan da Dublin da Edinburgh suka yarda da mazubi har lita 2. Saboda haka ƙa'idar ta danganta ne da filin da aka taso: abin da ya wuce a tafiya ana iya ƙwace shi a dawowa.

Lokacin isa filin jirgi

Yawancin kamfanonin jirage suna ba da shawarar isa awa 2 kafin tashi idan tafiyar cikin Turai ce, awa 3 kuma idan mai nisa ce. Galibi ana rufe karɓar akwatuna minti 40 zuwa 60 kafin tashi, ƙofar shiga jirgi kuma minti 15 zuwa 30. Mai fita daga yankin Schengen yana da ƙarin layin duba fasfo, kuma tun 12 ga Oktoban 2025 aka fara ɗaukar hoton fuska da zanen yatsun baƙi a iyakokin yankin. Dokar haƙƙin fasinjoji ta Tarayyar Turai ba ta tanadi diyya ga wanda jirgi ya bari saboda bai isa a kan lokaci ba.