Me ya sa gwiwar hannu ke lotsewa a Blender?

Mai koyon ƙera mutum-mutumi a manhajar Blender yakan ɗora wa ƙasusuwan da ya dasa laifi idan gwiwar hannu ta lotse wajen lanƙwasawa. Galibi kuwa matsalar tana cikin ragar jikin ne. Gaɓa na bukatar zobban layi kamar uku kewaye da ita, in babu su sai ta murƙushe kamar gwangwani. Wani zai ce ai Automatic Weights na raba wa kowane ƙashi yankinsa. Haka ne, amma ɗigogin da suka hau kan juna kan rikita shi, shi ya sa ake fara haɗe su da Merge by Distance, a tabbatar da girman jikin da Ctrl+A, sannan a gyara abin da ya saura da Weight Paint.