Littafin da Aka Kulle: Saye Ne ko Haya?

A zamanin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Sifawa, wajen 1810 zuwa 1815, ƙanensa Malam Abdullahi yana Bodinga, littafi dukiya ne da ake kwafa da hannu, a ara, a sayar, a yi waƙafi da shi. Har yau a garuruwan wannan yanki, irin su Kajiji ta ƙaramar hukumar Shagari, idan malami ya rasu littattafansa na shiga cikin dukiyar gado. Amma ɗalibin Kajiji da ya biya kuɗi ya sauke littafin tafsiri a wayarsa daga kantin Kindle, abin da ya samu bai cika waɗannan siffofi ba.

Dalili shi ne kullen da ake kira DRM. Kamfani yakan rufe fayil ɗin littafin da mabuɗin da ke haɗe da asusun mai saye, sannan ya zuba shi a sigar da manhajarsa kaɗai ke buɗewa, kamar sigar KFX ta Amazon. Ko sigar EPUB, wadda manhajoji da yawa ke karantawa, idan aka ɗora mata kulle ba ta buɗuwa sai inda aka yarje. Wannan bai shafi Maktaba Shamila da ake rabawa kyauta ba. Magana ana yi kan abin da aka biya.

A 2009 Amazon ya goge littafin George Orwell mai suna 1984 daga na'urorin waɗanda suka saya, ya mayar musu da kuɗinsu. A 2019 Microsoft ya rufe kantinsa na littattafai, littattafan da aka saya suka daina buɗuwa, shi ma ya mayar da kuɗi.

Haƙƙin mawallafi dai tabbatacce ne. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Kuwait cikin Disamba 1988, ta zartar a ƙuduri mai lamba 43 cewa haƙƙin wallafa yana da darajar dukiya, kuma bai halatta a keta shi ba. Matsalar tana wajen sunan cinikin. A mazhabar Malikiyya, bai'i musanya ce da ke mallakar da ainihin abu, ijara kuwa amfaninsa kawai take mallakarwa. Malaman mazhaba sun kuma bayyana cewa sharaɗin da ke warware manufar ciniki, kamar a hana mai saye sayarwa ko kyautarwa, yana ɓata shi. To, wannan sharaɗi ne zaune a yarjejeniyar Kindle, wadda ta faɗa ƙarara cewa lasisi aka bayar, ba sayarwa aka yi ba, alhali maɓallin da ɗalibi ya danna “saya” ne aka rubuta a kansa.

Abin da ya fi rinjaye shi ne a ɗauki cinikin a matsayin ijara. Sai dai ijara tana bukatar sanannen wa'adi, a nan kuwa wa'adin shi ne tsawon ran kamfani ko yardarsa, kuma wannan jahala ce da ke kusantar garari. Mai sassauci zai ce garari ne ƙanƙane da al'ada ta yafe, tunda farashin kaɗan ne. Hujjar tana da ƙarfi a kan littafi guda, tana raunana idan malami ya tara ɗaruruwa, domin magadansa ba su da hanyar raba su, kuma ba ya iya yin waƙafinsu ga makaranta.

Fasa kullen ma ba mafita ba ce mai sauƙi, domin Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta hana shi in ban da wasu keɓantattun yanayi, kuma Musulmi na kan sharaɗin da ya amince da shi. Nauyin bayani yana wuyan mai sayarwa. Jihar Kaliforniya ta Amurka ta kafa doka a 2024 da ta tilasta wa irin waɗannan kantuna su sanar da mai biya cewa lasisi yake karɓa, abin da babin aibi da tadlisi a fiƙihu ya daɗe da wajabtawa.