Shin hasken rana zai iya tsabtace ruwan sha a ƙauyukan Jigawa?

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tayar da injin jawo ruwa ya zama nauyi ga ƙauyuka da dama, lamarin da ya ƙara wa rijiyoyin burtsatse masu aiki da sola farin jini, daga kewayen Dutse har zuwa Maigatari da Babura da ke kan iyaka da Jamhuriyar Nijar. Sai dai akwai bambancin da ba a cika faɗa ba ranar ƙaddamar da irin waɗannan ayyuka: jawo ruwa daban, tsabtace shi daban.

Aikin sola a rijiyar burtsatse shi ne tura ruwa zuwa tanki. Ba ta kashe ƙwayoyin cuta. Idan tankin ya daɗe ba a wanke ba, ko ambaliya irin ta 2022 ta kwararo da ƙazanta cikin rijiya, ruwan zai iya ɗaukar cutar amai da gudawa, wadda ta yi wa Jigawa mummunar ɓarna a 2021.

Akwai kuma hanyar da rana kanta ke kashe ƙwayoyin, wadda aka fara nazarinta a Jami'ar Amurka da ke Beirut a shekarun 1980. Ana zuba ruwa a farar gorar roba da ake ganin cikinta, wadda ba ta wuce lita 2 ba, a kwantar da ita a kan kwanon rufi na tsawon awa 6 cikin rana mai ƙarfi. Idan gari ya lulluɓe da gajimare, sai ta yi kwana 2. Wani nau'in haske da ido ba ya gani, tare da zafin rana, su ke hallaka ƙwayoyin.

Hanyar tana da iyaka. Ruwa mai laka sai an tace shi tukuna, domin haske ba ya ratsa shi. Ba ta kuma raba ruwa da zartsi ko ragowar takin zamani. Gora guda ba za ta wadaci gida mai mutum goma ba.

A 2022 Jigawa ta zama jiha ta farko a Najeriya da aka ayyana ta daina bahaya a sarari. Wannan nasara za ta fi amfani idan ruwan da ake sha ma ya tsarkaka. Saboda haka, idan kansila ko ɗan majalisa ya zo buɗe sabuwar rijiya, a tambaye shi: an gwada ruwan? Wa zai riƙa wanke tankin da zuba masa kulorin? Idan famfon ya lalace, daga aljihun wa kuɗin gyara zai fito?