Mai hayar lasifika da akwatin da ke cin kasuwarsa

A Birnin Kebbi ba a ɗaurin aure, walimar sauka ko maulidi sai an nemi mai kayan sauti. Yakan riga kowa isa wurin taro, kuma bayan an watse za ka gan shi shi kaɗai yana naɗe waya.

Kayan da aka saba gani a hannunsa su ne manyan akwatunan lasifika, amfilifaya, makirufo, janareta da tulin waya. Akwatin nan na da ba ya magana da kansa, amfilifaya ce ke ba shi ƙarfi, kuma wajen haɗa su ake gane gwani. Akwati biyu masu om 8 (ma'aunin juriyar wuta) in aka jona su gefe da gefe a layi ɗaya sun koma om 4. Aka ƙara wasu biyu sun koma om 2, sai amfilifaya ta ɗau zafi ta ɗauke ana tsakiyar addu'a. Ƙaramar amfilifaya da aka murɗe har ƙarshe kuwa takan gurɓata sauti, ta ƙone ɗan bakin da ke fitar da siririyar murya. Shi ya sa yaro yakan daɗe yana dakon akwati kafin maigida ya bari ya taɓa maɓalli.

Sabon akwatin ya zo da amfilifayarsa a cikinsa. Tun daga masana'anta aka auna ƙarfinta daidai da bakin lasifikar, a masu kyau har da abin da ke rage sauti kafin ya yi ɓarna. Kamfanin JBL ya fito da samfurin EON a 1995, amma abin da ya cika shaguna yau ƙirar Sin ne da ake sarowa daga kasuwar Alaba ta Legas da Sabon Garin Kano: mai taya, mai batir, mai Bluetooth. Amfilifayar irin waɗannan, wadda ake kira Class D, tana mai da kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ta sha zuwa aiki, ba ta ɓarnatar da ita a zafi, don haka batir ke iya riƙe ta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da babban layin wuta daga Kainji ke ratsawa har Yamai, amma mutanensa na zaman jiran Kaduna Electric ta kawo. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin fetur ɗin janareta ya zama abin da aka fi ja-in-ja a kai wajen ciniki.

Sai dai sauƙin nan ya fi yi wa mai biki rana. Suna, kamu, taron Islamiyya, tallar maganin gargajiya a kasuwa, duk ayyukan da a da ake kiran mai haya, yanzu wani ya sayi akwatinsa, ya haɗa da wayar hannu, shi ke nan.

Masu sana'ar kuma suna da ƙorafi, kuma ina ganin da gaskiyarsu. Bluetooth na wayar hannu bai cika wuce mita 10 ba, ga kira ya shigo ana tsakiyar wa'azi kowa ya ji. Zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana gajiyar da batir, ƙurar hunturu tana toshe kafar iska. In allon cikinsa ya ƙone, akwatin ya mutu gaba ɗaya, alhali tsohuwar lasifika mai gyaran rediyo kan sake mata naɗi ta tashi, amfilifaya kuma a aro ta maƙwabci.

A Argungu ake ganin iyakar sabon akwatin. Bikin kamun kifi da aka soma a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, bikin da UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2016, yana tara dubban masunta a bakin Matan Fada. Fili ne buɗaɗɗe, ga kiɗa, ga ihu. Akwatin batir ba ya kai murya ko'ina a nan. Haka masallatan Juma'a, har gobe ƙahon lasifika ƙirar Ahuja ne a kan hasumiya da amfilifaya a ƙasa.

Mai hayar da ya san ciwon kansa tsohon kaya da sabo duka yake ajiyewa. Kai kuma da za ka saya, kada dubban wat da aka rubuta a kwali su ruɗe ka. Ka sa a kunna maka da batir, a waje, da makirufo, sannan ka tambayi inda ake gyaransa kafin ka biya.