Tafiya Su Zuwa Gungun Yawuri: Abin Da Ya Kamata Manomi Ya Shirya

Idan kaka ta wuce, dawa da gero sun shiga rumbu, manoman ƙasar Gummi da Bukkuyum da Anka sukan sami 'yan watanni na sararawa. Waɗansu su shiga lambu, waɗansu su tafi cin rani. Akwai kuma waɗanda hankalinsu ke ga ruwa, domin wanda ya tashi a bakin Gulbin Zamfara da wuya a ce bai taɓa riƙa homa ko mashi ba. To, amma da rani gulbin nan yakan janye, ya bar gurabe nan da can, kifin ma bai taka kara ya karya ba. Saboda haka mai son babban kifi sai ya nufi Kwara, wajen tsibiran Yawuri, waɗanda mutanen wurin ke kira gungu.

Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwan wurin ya zama tafki, tsawonsa ya fi mil 80. Tsibirai da yawa sun nutse, aka ta da Gungawa da sauran mazauna aka sāke musu matsuguni. Waɗansu sun saura, babba daga cikinsu shi ne Foge. Ana samun giwan ruwa, da ramboshi, da tarwaɗa, da yauni, da ƙarfasa.

Abu na farko shi ne lokaci. Kwara a nan sau biyu take kawo ruwa a shekara. Na damina fari ne, gurɓatacce, ba ka ganin ko tafin hannunka a ciki. Na biyu yakan iso da sanyi, wajen Disamba zuwa Fabrairu, daga can ƙasashen Gini da Mali. Kafin ya zo ya zubar da lakarsa a hanya, shi ya sa ake ce masa baƙin ruwa. Mai mashi da ido yake aiki, watau wannan shi ne lokacinsa. Ga shi kuwa ya dace da lokacin da gona ba ta bukatarka.

Na biyu, kayan aiki. Ka kai mashinka wa maƙeri ya wāsa, ya gyara ƙayarsa, ka sāke ƙota in ta tsufa. In kana da zago, ka duba igiyarsa da kyau, domin giwan ruwa ba ta san wasa ba. Ka riƙa tocila, da gidan sauro, da bargo, gama sanyin bakin ruwa ya fi na tudu. Ka kuma tuna ruwa yana yaudarar ido: kifi yana ƙasa da inda kake ganinsa. Wanda ya auna shi daidai, mashinsa ta sama zai wuce. Sai ka auna ƙasa kaɗan.

Na uku, izini. Ruwa yana da masu shi. Da isarka ka nemi mai masauki, shi zai kai ka gaban Sarkin Ruwa, a gaya maka inda aka yarda da inda aka hana, da abin da hukuma ke karɓa. Kada ka kusanci guba irin su gamalin. Tana kashe uwa da ƙwai, tana cutar mai ci. Ayu kuma doka ta hana kashe shi. Dubi Argungu, inda ake bikin su tun 1934. Abin da ya sa ake fid da manyan kifi a Matan Fada shi ne an hana taɓa wurin sai ranar da aka buɗe.

Na huɗu, wanda ya fi duka, shi ne rai. Mutanen Gummi ba su manta da Satumba 2024 ba, sa'ad da jirgin da ya ɗauko manoma zuwa gonakinsu ya kife, aka yi hasarar rayuka da dama. Haka ya faru kusa da Wara a Mayu 2021. Kada ka shiga jirgin da aka cika maƙil, kada ka ƙetare da dare, domin kututturan itatuwan da tafki ya ci suna nan a ƙarƙashi. In an ba ka rigar ruwa ka sa, ba ragwanci ba ne. Inda aka ce akwai dorina, ka bar mata wurinta. In ka komo ka ga jini a fitsari, tsargiya ce, maza ka tafi asibiti, tana da magani. Batun hanya kuwa, a zamanin nan na 'yan bindiga, sai ka tambayi direbobi a tasha, ku tafi ƙungiya, da rana.

Daga ƙarshe ka yi lissafi. Kuɗin mota, da na jirgi, da abinci, da itacen banda, duka ka haɗa kafin ka tashi. Kifin da bai sha hayaƙi sosai ba ba zai kai kasuwar Gummi ba. Kada ka sayar da iri ko abincin iyali don guzuri. Kuma ka tsai da ranar komowa tun watan Afrilu, don sharar gona da kai taki. Kome daɗin ruwa, gona ita ce uwa.

Allah Ya kai lafiya, Ya komo da kowa lafiya, amin.