Sankarar jini ga yara: sauƙin da ke biyo bayan zazzaɓi

Sankarar jini ciwo ne da ke tsira cikin ɓargo. Fararen ƙwayoyin jini marasa amfani su kan yi yawa har su danne na kirki. Sai yaro ya ɗashe, ya riƙa zazzaɓi da haɓo da ciwon ƙashi. A Maradi da Tsibiri da Jiratawa, iyaye na iya ɗaukar waɗannan alamu tamkar masassarar cizon sauro ko amosanin jini.

Akwai wani abin mamaki da likitoci suka daɗe da lura da shi. Wani lokaci ciwon ya kan lafa da kansa bayan yaro ya kamu da wata cuta mai zafin jiki. A shekarar 1951, likitoci biyu na Amurka, Diamond da Luhby, sun duba yara 300 masu sankarar jini, suka tarar ciwon ya lafa sau 26, galibi bayan wata cuta ta daban. A nan Afirka ma, a 1971, Bluming da Ziegler sun ba da labarin wani yaro a Uganda mai sankarar Burkit, wanda kumburinsa ya saɓe bayan ya yi ƙyanda.

Masana na ganin cewa sabuwar cutar ce ke tayar da garkuwar jiki, ita kuwa ta far wa ƙwayoyin sankara tare da na cutar.

Amma jama'a su lura. Ga sankarar jini, wannan sauƙi ba ya daɗewa. Bayan ƴan makonni ko watanni ciwon ya kan dawo. Ga yawancin irin waɗannan yara, ƙyanda da sauran cututtuka ajali su ke jawowa, don jikinsu ba shi da ƙarfin kare kansa. Saboda haka allurar rigakafi ta zama tilas ga ƴaƴanmu.

Magani na gaskiya ya faro a 1947, lokacin da Sidney Farber ya gwada maganin aminopterin a birnin Boston. Yau, a ƙasashe masu arziki, fiye da yara 80 cikin 100 masu sankara suna warkewa. A ƙasashe matalauta da yawa ba su kai 30 ba.

Don haka, yaron da zazzaɓinsa ya ƙi jin magani, a kai shi asibitin Maradi a auna jininsa. In an gano ciwon, kada sauƙin ƴan kwanaki ya sa a fasa zuwa Yamai, inda cibiyar ƙasa ta yaƙi da sankara take.