Ɓurɓushin Roba a Ruwan Sha: Wa Ya Tuna da Ma'aikacin Gidan Ruwa?

Tun watan Janairun 2024 da masanan jami'o'in Kolombiya da Rutgers na Amurka suka bayyana cewa sun samu ɓurɓushin roba kimanin 240,000 a kowace lita ta ruwan gorar da suka auna, labarin bai daina yawo a WhatsApp ba. Wasu na cewa a koma ruwan leda, alhali ita ma ledar roba ce. Wasu kuma so suke gwamnati ta sayo wata na'ura daga Turai. Mutum ɗaya ne ban ji an ambata ba, wato ma'aikacin gidan ruwa, wanda ruwan famfon gari ke bi ta hannunsa.

Ɓurɓushin da ake magana a kai shi ne duk guntun robar da bai kai milimita 5 ba. Rana da iska ke marmashe leda da gora da tayar mota, damina ta kwaso su daga kwata zuwa kogi.

Na taɓa tsayawa a mashigar ruwa ta wani gidan ruwa cikin watan Agusta. Wani dattijo na sunkuye da manjagara yana yaye ledoji daga ragar ƙarfe, ya tara su tsibi guda, har da silifas da kwalbar magani. Kallon launin kogi kawai zai yi ya faɗa maka yau alif zai ci da yawa. Da na tambaye shi robar da ke wuce ragar, sai ya ce ba a taɓa yi musu maganarta ba. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan.

Aikin da aka koya masa tsoho ne. A Kano, tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka kafa gidan ruwan Challawa da kuɗin baitulmalin En'e. A lokacin abokan gaba biyu ne, laka da ƙwayoyin cuta. Ƙosai a ganye ake naɗe shi, ruwa a tulu da randa, cefane a ƙwarya, ga duba-gari na bin gida-gida yana leƙa kwata. Da aka gina gidan ruwan Tamburawa daga baya, ginshiƙin aikin bai sauya ba: a zuba alif laka ta dunƙule ta kwanta, a tace da yashi, a sa kulorin. Kogin ne ya sauya, aka bar ma'aikaci da tsohon karatu.

Ga abin da masu hayaniya ba su lura ba. Kulorin ba ya cire roba, amma alif da yashi na kama kaso mai yawa idan an yi aikin da kyau. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya tabbatar da haka, ya kuma ja kunne kada a bar ƙwayoyin cuta, waɗanda su ne ke kisa yau, a koma kan roba kaɗai. Ke nan dattijon nan yana cire ɓurɓushin roba kullum ba tare da ya sani ba.

To, ina take zuwa? Tana cikin lakar da ta kwanta a gindin tanki, da ruwan da ake wanke yashin tacewa da shi. Idan aka sake su a kogi, an mayar da ita inda aka ɗebo ta, ta gangara ga mai noman rani da garin da ke gaba. Wannan ne ya kamata kwamishinonin ruwa su amsa. Ku kai ma'aikatan nan horo, ku ba ɗakin gwaje-gwajensu madubin ƙara girma, ku daina jinkirta kuɗin alif, ku ware filin shanya laka nesa da gaɓar kogi.

Tsibin ledar da dattijon ya tara kuwa, a bakin ruwan na baro shi, ga hadari ya haɗo daga gabas.